Bangon Ɗakin Kaka

Sana'ata rubuta sunayen mutane ce. Ina da ɗan shago a Talata Mafara, kusa da tasha, inda nake buga kalanda da sitika da allunan shaguna, in kuma sassaƙa hatimin roba ga masu makarantu da 'yan ƙungiyoyi. In an yi haihuwa ko an sa ranar biki, wurina ake zuwa. A kawo mini suna a guntuwar takarda, in zaɓa masa launi, in kewaye shi da furanni, jibi ka gan shi manne a jikin bokiti ko a murfin kula. Na rubuta sunaye sun fi gashin kaina yawa, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina a kan wannan aiki. To ni ɗin nan, ranar da aka haifa mini ɗiyar fari, na nemi suna guda ɗaya tak na rasa.

Sunan marigayiya Kaka nake nema, wadda ta haifi mahaifiyata. Ita ta raine ni a Birnin Tudu, don mahaifiyata ta rasu ban ko fara rarrafe ba. Tun ina saurayi na ɗaukar wa kaina alkawari, in Allah ya ba ni ɗiya mace, Kaka zan mayar, kuma mai ɗakina ta san da haka tun kafin a kai lefe. Haihuwar ta zo da wuri, ba a kai ga mayar da ita gidansu ba, a ɗakinta ta sauka. Ungozoma ta leƙo ta ce mace ce, na yi alwala, aka miƙo mini jaririya a zane. Na yi mata kiran salla a kunne, na sunkuya zan raɗa mata suna, sai na tsaya da baki buɗe. Shekara ashirin da ɗoriya ina cin tuwon matar nan, ashe ban san sunanta na yanka ba. Na mayar da jaririyar na ce a dakata da huɗuba tukuna.

Wanda bai san irin gidajenmu ba zai ce wane irin sakarci ne wannan. To ga yadda abin ya faru. Daga Maradun aka auro Kaka, sai aka tarar sunansu ɗaya da uwar mijinta. Shi ke nan, tun ranar da ta sa ƙafa a gidan sunan ya zama abin da ba a taɓawa. Miji ba zai faɗa ba, sunan uwarsa ne. Ƙannensa haka, matan gida balle su. Aka riƙa ce mata ta Maradun, 'ya'yanta suka taso suna cewa Inna, mu jikoki muka zo muka ce Kaka. Na buɗe tsohuwar adakarta na tono katin zaɓenta ina murna, sai na tarar lakabin nan ne a jiki. Wato wanda ya raka ta wurin rajista ma iyakar saninsa ke nan.

Mutum ɗaya na tabbata ya sani, Kawu, ɗanta na fari, wan mahaifiyata. Amma a lokacin gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma dole in faɗi dalili.

Kawu magini ne irin na da, mai tubali da yaɓe. Dogo ne siriri, tafin hannunsa duk kaushi, sai ya yini bai yi magana goma ba. A zamaninsa in mai hali a Bakura ko Morai ya gina zaure, ba a ce an gama ba sai Kawu ya zo ya yi wa fuskar ƙofa zane. Kayan aikinsa ba su cika aljihu ba: yatsunsa, da karyayyen cokali, da sakaina, sai tukunyar makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da ake shafa wa bango ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Ba ya gwadawa a takarda. Zai tsaya gaban ɗanyen yaɓe ya yi ta kallo har ka gaji, sannan ya ɗora yatsa, kuma in ya ɗora ba ya ɗagawa sai layin ya zagayo ya haɗu da inda ya faro. Ni da nake da kwamfuta mai goge mini kuskure sau ɗari, yau in na tuna wannan sai in jinjina kai. Amma a wancan lokacin ban ga komai ba sai tsoho da laka. Bulo ya shigo, aka daina kiransa sai gyaran rumbu da toshe katangar da damina ta ci. Har tsokanarsa nake yi, in ce zanen nan nasa ai sawun ƙadangare ne. Sai ya yi murmushi kawai.

Aikinsa na farko bayan ubangidansa ya yaye shi, a ɗakin Kaka ya yi shi, a bangon da ke kallon ƙofa, bisa gadonta. Dagi ne a tsakiya, layuka sun sarƙe da juna suna shiga suna fita, da 'yan ramuka nan da can inda aka danna ɗan yatsa, duk ya rine saboda makuba da hayaƙin shekaru. Kaka ta jera kwanoni da tasoshi ko'ina a ɗakin har kusa da rufi, amma wannan wurin ko tsinke ba ta rataya ba. Ba ta da faɗa, sai dai in ka kai bayanka wurin. Nan take za ka ji ƙotar mafici a ƙafarka.

“Kak ka jingina nan.”

Iyakarta ke nan. Ba ta taɓa cewa don me ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Ita da Kawu kuwa zamansu abin kallo ne. Ɗan fari ne, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta ma cika duban fuskarsa ba. In ta gama tuwo sai ta ce a kai wa wancan. In zai yi tafiya ya tsaya a bakin ƙofa ya gaya wa ƙyaure za shi Bakura, ita kuma ta gaya wa tukunya Allah ya kiyaye hanya. Shekara sittin suna gida ɗaya a haka. Da ƙuruciya na zaci ba sa son juna ne.

Wata shekara da aka yi zaɓe aikin fosta ya buɗe mini. Na ce matar da ta raine ni ba za ta ƙare rayuwarta a ɗakin laka ba ina raye. Na bari sai da ta tafi Maradun ta'aziyya, na ɗauko siminti da fenti da magina biyu daga Mafara, ina so ta dawo ta sha mamaki. Ban shawarci kowa ba, don a ganina alheri ba ya buƙatar shawara. Maginan suka kama sassare bango da fartanya don siminti ya sami wurin kamawa. Sun gama bango biyu, sun nufi na bisa gado, sai ga Kawu a bakin ƙofa.

Na riga na shirya masa amsa. In ya ce uffan, in gaya masa zamani ya wuce laka. Bai ba ni wannan damar ba. Ya dubi ɓaraguzan da ke ƙasa, ya dubi bangon, ya tuɓe rigarsa ya rataya a ƙyaure.

“Wanga bango ku bar mani shi,” ya ce, “ni za ni yi.”

Bai sassare shi ba. Ya share shi da tsintsiyar laushi, ya tankaɗe toka ya barbaɗa, ya dama siminti ruwa-ruwa kamar kunu, ya riƙa ɗiba da tafin hannu yana dannawa a hankali, lungu-lungu. Sai da ya rufe zanen duka sannan ya bi da mai kauri ya daidaita. Ya ɓata yini guda a abin da maginan za su gama kafin hantsi. Suna ta ƙifta mini ido, ɗaya ya ja ni gefe ya ce wannan ba zai kama ba tunda ba a sassare ba. Na ce su ƙyale shi. A raina daɗi nake ji, na ɗauka tsoho ya sallama. Da ya bushe na sa aka shafa shuɗin fenti, na kafa ƙusa a tsakiyar bangon, na rataya kalandar shagona mai sunana da manyan baƙaƙe.

Kaka ta dawo ana la'asar. Ta tsaya a bakin ƙofa da ƙunshinta a ka, ta daɗe ba ta shiga ba, ni kuwa ina bayanta ina jiran guɗa. Can ta sauke ƙunshin ta ce, “Allah shi yi maka albarka. Ɗakin ya yi haske.” Da na sake zuwa na tarar da kalandata a bayan ƙyaure, an zare ƙusar. Na mayar, na kuma dawowa na tarar an sake cirewa. Raina ya ɓaci, na yi ta mita cewa mutum ya yi abin arziki amma ko sunansa ba a son gani a ɗakin. Ta ce in yi haƙuri, wurin ne ba ya son ƙusa. Kawu kuwa tun daga ranar bai sake yi mini murmushin nan ba, ni ma na ɗaure fuska, na ce kishin sana'a ne. Damina biyu bayan haka Kaka ta rasu, aka rufe ɗakin, daga baya aka riƙa ajiye dammunan gero a ciki.

Wannan ne ya sa da na rasa suna na gwammace in tafi Maradun da in je in durƙusa gaban Kawu. Ranar kwana uku da haihuwa na bi motar 'yan kasuwa, don hanyar yanzu ba a binta sai rana ta ɗaga kuma cikin jama'a. Tsararrakin Kaka duk sun tafi, sai wata tsohuwa, matar ƙanenta, da wani dattijo maƙwabcinsu. Bayan an gaisa, an tambayi gida da gona da mai jego da hanya, na faɗi abin da ya kawo ni. Tsohuwar ta ce ita bakinta ba zai iya ba, yayar miji ce, amma sunansu ɗaya da matar limamin unguwa, in aika a tambayo. Dattijon ya ce sam, wannan na wadda aka kai Morai ne, ta Birnin Tudu daban, ya faɗi wani. Ashe su uku ne mata a gidan, kuma kowa ya riƙe su da garin da aka kai su. Tsofaffin nan suka kama musu ta kan danga, tana cewa ya rikice, yana cewa ita yaushe ma aka kawo ta gidan. Na baro su suna yi, na dawo da suna biyu da ciwon kai.

A gida kuma an fara ƙananan maganganu. Gwaggon mai ɗakina, wadda ta zo yi mata wankan jego, ta ce ita ba ta taɓa ganin jaririn da ya kwana huɗu ba huɗuba ba. Rago yana ɗaure, an kai goron gayya, in sunan kakar ya gagara ai ga na uwar mai jego nan, ba sai an shiga mota ba. Na ji kamar in yi bindiga, ga shi suruka ce, ba dama in mayar. Da ta fita mai ɗakina ta ce in zaɓi ɗaya cikin biyun, Allah ya san niyyata. Na ce ba zan yi caca da sunan wadda ta goya ni ba. In na sa ba daidai ba wata na mayar, ba ita ba, kuma yarinyar za ta ɗauke shi har ƙarshen ranta. Ta ce to in haɗiye girman kan nan in je wurin Kawu, tunda ba yanka ni zai yi ba. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi.

Ranar kwana biyar na hau mashin na nufi Birnin Tudu. Na same shi a bayan gida yana gyara bakin rumbu, laka har gwiwar hannu. Na durƙusa muka gaisa, ya yi mini barka, ya tambayi mai jego, ya tambayi kasuwa. Da gaisuwa ta ƙare na gaya masa komai, har zuwana Maradun. Bai daina aiki ba. Ya ce niyya ta yi kyau, Allah ya raya. Na ce sunan nake so. Ya ce bakin da bai faɗa ba tana raye, ba zai fara ba don ƙasa ta rufe mata ido. Na ce na sani, shi ya sa na zo da biro da takarda, ya rubuta da ajami ba sai ya furta ba. Ya dubi takardar ya ce wannan da gobe za a ƙunsa ƙosai a ciki.

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe tsaye a kansa, abin da ban taɓa yi ba, na ce wannan kunyar tasu ba ta da amfani, ita ta cinye sunan baiwar Allah tun tana raye, yanzu kuma zai tafi da shi kabari saboda taurin kai. Na ce ni nake rubuta sunan kowa a Mafara, amma na wadda ta raine ni an hana ni. Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba. Ya bari sai da na gama, ya tsoma hannuwansa a ruwa ya wanke, sannan ya ɗago.

“Na rubuta shi sau guda, inda yad dace,” ya ce. “Ba kunyata tar ruhe shi ba. Simintinka na.”

Ban gane ba da farko. Sai na tuna ƙotar mafici, na tuna kalandar da aka yi ta mayarwa bayan ƙyaure, sai na koma na tsuguna. Shekara da shekaru ina barci ƙarƙashin sunan Kaka, na yi allo, na san baƙaƙen, amma ban taɓa duban bangon nan da idon karatu ba. Na zo na yi gyaran gangar Auzinawa, har ina jiran a yi mini guɗa. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ce, “Kawu, ka yafe mini.” Ya miƙe. Ya shiga ɗakinsa ya fito da 'yar guduma da tsohuwar wuƙa da buta, ya ce in zo in kwashe gero.

Muka fitar da dammunan. Shuɗin fentin nan nawa duk ya koɗe. Ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunnensa a jiki, kamar mai sayen tulu. Ya ja layi da gawayi ya zagaye wurin, ya kama yanka a kan layin da wuƙa da guduma, kaɗan-kaɗan. Na ce ya kawo in taya shi, ya ce a'a, hannuna da zafi. Tun bayan azahar yake yi har rana ta karkata. Sannan ya sa na shimfiɗa buhuna a ƙasa, ya soka wuƙa ta sama, ya ce in tara hannu. Fallen simintin ya saki bango gaba ɗaya ya zo mana da nauyinsa, muka kwantar da shi.

Na juya wurin bango da sauri. Babu komai. Danshi ya shiga tsakani ya cinye makubar, fuskar zanen ta biyo simintin, abin da ya rage jar ƙasa ce da guntayen ciyawa. Na shafa, ta zubo ta tsakanin yatsuna. Na ce shi ke nan, na kashe shi da hannuna, sai hawaye. Ban ji nauyin yin kuka a gabansa ba.

Kawu ko kallon bangon bai yi ba. Yana tsugune gaban fallen simintin, ɓarin da ya yi shekaru manne da bango yana sama. Ya riƙa tsiyaya ruwa daga buta yana bi da tsintsiyar laushi, laka tana narkewa tana gangarewa. A hankali layuka suka fara fitowa. Duk inda yatsansa ya taɓa yin kwari a bango, siminti ya shiga ya cika, ya fito tudu. Dagin nan yana nan gaba ɗaya, ba abin da ya ɓace, sai dai komai ya juya ta baya. Ramin ƙusata ma yana nan a tsakiya. Sai a lokacin na gane tokar da ya barbaɗa, da kunun simintin, da yinin da ya ɓata yana dannawa da tafin hannu mu kuwa muna ƙifta ido.

“Kai mai hatimi,” ya ce, “ba ta baya kuke rubutu ba? To ga shi nan.”

Ya ɗora yatsa ta hagu ya nuna mini inda zan faro, ya janye hannunsa ya kau da kai. Na bi layin da yatsana. Ya shiga ƙarƙashin wani ya fito, ya miƙe, ya lanƙwasa, sai ga harafi. Na ci gaba, ga wani. Ya ja su ya saƙa su cikin dagin yadda in ba an nuna maka bakin zaren ba, ado kawai za ka gani. Da na kai ƙarshe na koma farko don in tabbata. Ba ko ɗaya ba ne cikin biyun da na ɗauko daga Maradun. Na buɗe baki zan faɗa don murna, ya ɗaga mini hannu. Ya tambaye ni ko na gani, na ce na gani, ya ce to ya isa.

Muna zaune nan a ƙasa ya yi mini magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce sau ɗaya ya taɓa jin an kira ta da sunan. Yana ɗan shekara bakwai mahaifin Kaka ya zo daga Maradun a kan jaki, ya manta da dokar gidan, ya tsaya a zaure ya ƙwala mata kira. Ta fito da gudu, muciya a hannu, tana dariya. Bai taɓa ganin fuskarta haka ba, kafin nan ko bayan nan, shi ya sa ya riƙe. Da ya koyi gini ya ga ba shi da abin da zai ba ta, sai ya mayar mata da shi a bango. Na tambaye shi ko ta sani, tunda ba ta yi nisa a karatu ba. Ya ce bai taɓa gaya mata ba. Amma mahaifinta yakan rubuta wa kowace ɗiya sunanta a gindin allonta don kada su yi faɗa. Ranar da ya gama zanen ta shigo ta tsaya tana kallo, sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta fita. Da yamma da aka kawo masa tuwo, ya tarar da man shanu har yana malala. Na ce to me ya hana shi tsawata mini ranar siminti. Ya ce da ya hana ni sai ya faɗi dalili, kuma ya ga alheri na nufa.

Kashegari da hantsi na raɗa wa ɗiyata sunanta a kunne, na je na gaya wa liman. Ranar suna Kawu ya iso da sassafe cikin farar rigarsa, ya zauna can gefen tabarma. Aka yi addu'a, liman ya faɗi suna, maroƙi ya ɗauka ya ɗaga murya har unguwa ta ji. Ni Kawu nake kallo. Ya sunkuyar da kai yana duban tafin hannuwansa, bai ɗago ba har aka fara rabon goro da dabino. Da jama'a suka ragu aka kawo masa jaririyar a zaure. Ya goge hannu a riga sau biyu kafin ya karɓa, ya leƙa fuskarta ya ce, “Sannu da zuwa, Inna.” Daga ranar kowa a gidan ya bi bakinsa.

Ƙannen mai ɗakina kamar su cinye ni ɗanye a kan sitika. Sun sayo bokitai na rabo suna jiran ta ɗiyar mai shago ta fi ta kowa, sai na kawo musu mai furanni da Allah ya raya kawai. Sunayen wasu ina bugawa har gobe, amma wannan na kasa ganinsa a jikin bokitin wanki.

Bayan girbi Kawu ya aiko in zo. Ya yi wa bangon sabon yaɓe, muka ɗaga fallen simintin mu biyu muka danna shi a kan ɗanyar laka, muka janye. Zanen ya koma daidai. Ya bi shi da yatsa yana gyara inda ya ɗan ci, ya shafe gurbin ƙusata, da ya sha iska ya shafa makuba. An daina ajiye gero a ɗakin. Na roƙe shi ya koya mini, ya ce sai hannuna ya huce. Ina dai zuwa duk Juma'a, har yanzu kwaɓa laka kawai ya yarda in yi.

Bara da salla na kai iyalina gida. Yarinyar ta shiga shekara huɗu, ba ta zama wuri ɗaya. Muna zaune a ɗakin ni da Kawu, ya tsufa sosai yanzu, sai ta shigo da ƙuli-ƙuli a hannu, ta haye gadon, ta kai bayanta jikin zanen tana ci tana kaɗa ƙafa. Ban san lokacin da maganar ta fita daga bakina ba.

“Ke, kak ki jingina nan.”

Ta dube ni ta taɓe baki za ta yi kuka. Kawu ya dafa gwiwata.

“Ƙyale ta,” ya ce. “Nata na.”